Yadda Ake Gyara Ƙasar Lambu a Lokacin Hunturu da Taki Hawa-Hawa Ba Tare da Haƙa Ba

Mai lambun da ya kwashe amfaninsa a ƙarshen kaka yakan bar filinsa tsirara har sanyi ya wuce, sannan ya dawo da shebur da fartanya ya haƙa, ya juya ƙasa, ya fasa ɓurgujin da suka taurare, ya zuba taki. Akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi ga baya, kuma ta fi amfani ga ƙasar kanta, wato a shimfiɗa kwali a kan filin yadda yake, a jera kayan da ke ruɓewa hawa bisa hawa a kansa, a jiƙa su, a bar tana da fumfuna da sauran ƙananan halittun ƙasa su yi aikin cikin watannin da lambu yake hutawa. Idan lokacin shuka ya zo, za a tarar ciyawar da ke ƙarƙashi ta mutu saboda rashin haske, tsibin ya sauka, kuma saman ƙasar ya yi baƙi da laushi.

Dabarar ba sabuwa ba ce, domin haka ƙasar kurmi take samun takinta tun fil azal: ganye ya faɗo, ya ruɓe a inda ya faɗi, ba wanda ya zo ya binne shi. A shekarun 1950 Ruth Stout ta yi suna a Amurka da lulluɓe lambunta da busasshiyar ciyawa mai kauri maimakon noma, a shekarun 1970 Esther Deans ta yaɗa lambun hawa-hawa a Ostireliya, sannan Charles Dowding a Ingila ya shafe shekaru tun farkon shekarun 1980 yana noman kayan lambu ba tare da juya ƙasa ba. A Amurka ana laƙaba wa wannan tsari sunan lazanya, abincin nan na Italiya da ake jera shi hawa-hawa.

Dalilin guje wa haƙa

Kafin a shiga aikin, yana da kyau a fahimci abin da ake ƙoƙarin karewa. Ƙasar da ba a taɓa ba cike take da ƙananan hanyoyi, waɗansu tana ce ta huda su, waɗansu kuwa tsofaffin saiwoyi ne suka ruɓe suka bar gurbinsu, kuma ta waɗannan hanyoyi ruwa yake sauka, iska take shiga, sababbin saiwoyi suke bi. Akwai kuma zaruruwan fumfuna masu sirantaka ƙwarai waɗanda suke haɗuwa da saiwar yawancin tsirrai, suna taimaka musu wajen jawo ruwa da sinadarin fosfaras, su kuma tsirran suna ba su sukari. Shebur yana yanke waɗannan zaruruwa, yana rusa hanyoyin. Juya ƙasa kuma yana cusa mata iska da yawa a lokaci guda, abin da ke sa takin da ke cikinta ya ƙone da sauri fiye da yadda ake mayar da shi. Abu na ƙarshe, wanda kowane mai lambu ya gani da idonsa, shi ne cewa a cikin ƙasa akwai irin ciyawa da yake kwance shekara da shekaru yana jiran haske, kuma duk haƙa ɗaya tana fito da sabon rukuni zuwa sama. Shi ya sa filin da aka nome tas yakan cika da ciyawa bayan mako biyu.

Ita tana kuwa, tun shekarar 1881 Charles Darwin ya wallafa binciken da ya daɗe yana yi a kanta, inda ya nuna yadda take jan ganye zuwa cikin raminta, ta kuma fito da ƙasa mai laushi zuwa sama. Abin da mai wannan tsari yake yi shi ne ya ajiye mata abinci a saman ƙasa, ita kuma ta saukar da shi.

Lokacin da ya dace da zaɓen wuri

Mafi kyawun lokacin farawa shi ne da zarar an gama girbi, ganyaye sun fara zuba, ƙasa kuma ba ta gama hucewa ba. Ana son a samu wata huɗu zuwa shida tsakanin ranar da aka jera kayan da ranar da za a yi shuka. Ƙananan halittun da ke ruɓar da kaya suna rage aiki sosai idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Selshiyas, kuma aikin yakan kusan tsayawa cak idan tsibin ya daskare, saboda haka makonnin farko masu ɗan ɗumi suna da daraja ƙwarai. Wanda ya yi jinkiri har sanyi ya kankama bai yi asara ba, amma ya sa a ransa cewa zai tarar da kaya da yawa ba su gama ruɓewa ba.

A zaɓi wurin da rana take samu na aƙalla awa shida a yini, idan kayan lambu ake nufin shukawa, kuma wurin da ruwa ba ya kwanciya bayan an yi ruwan sama. A nisanci gindin manyan itatuwa, domin saiwoyinsu za su hauro su shanye takin kafin shuka ta amfana. Faɗin fangali kada ya wuce mita 1.2, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ciki ba. Wannan ƙa'ida ta faɗin fangali ita ce ginshiƙin tsarin gaba ɗaya: ƙasar da ba za a haƙa ba, bai kamata a riƙa tattake ta ba. Tsawo kuwa ya danganta da fili da kuma yawan kayan da aka tara. A bar hanya mai faɗin santimita 45 zuwa 60 tsakanin fangali da fangali, yadda baro zai iya wucewa.

Tattara kaya, da lissafin da yakan ba mutane mamaki

A nan ne yawancin masu farawa suke yin kuskure, domin sukan raina yawan kayan da ake bukata. Fangali mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3, idan za a tara masa kaya har tsayin santimita 50, yana cin kaya kimanin kubik mita 1.8, wato wajen lita 1,800. Idan baron da ake amfani da shi yana ɗaukar lita 90, ana maganar baro ashirin ke nan. A ganina gara mutum ya yi fangali ɗaya mai kauri da ya yi huɗu masu ɗan siririn lulluɓi waɗanda ciyawa za ta huda kafin sanyi ya ƙare.

Kayan iri biyu ne. Akwai busassu, masu yawan sinadarin kabon: busasshen ganye, karan hatsi da aka daddatse, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, yagaggiyar takarda, kwali, da garin katako. Akwai kuma ɗanyu, masu yawan sinadarin naitirojin: ciyawar da aka yanka tana kore, ɓawon kayan marmari da ragowar kayan lambu na ɗakin girki, tukar kofi da ganyen shayi, ganyen wake da danginsa, da kashin dabbobi masu cin ciyawa. Kashin dabba, ko da ya bushe ya yi launin ƙasa, a cikin ɗanyun kaya ake lissafa shi, domin abin da ake dubawa sinadarin da ke ciki ne.

Ƙananan halittu suna cin kabon don samun ƙarfi, suna amfani da naitirojin don gina jikinsu, kuma sun fi yin aiki idan cakuɗen ya kai kimanin kaso 25 zuwa 30 na kabon a kan kaso 1 na naitirojin. Busasshen ganye yana wajen 60 a kan 1, karan alkama wajen 80 a kan 1, garin katako kuwa yakan kai ɗaruruwa a kan 1. Ɗanyar ciyawa da ragowar kayan lambu suna tsakanin 15 da 20 a kan 1, kashin shanu yana wajen 20, na kaji kuma ya fi su duka ƙarfi, yana wajen 10 ko ƙasa da haka. Ba wanda zai tsaya da ma'auni a bakin lambu yana wannan lissafi, kuma ba a bukatar hakan. Abin da ya isa shi ne a riƙe cewa busassun kaya su ninka ɗanyu sau biyu zuwa uku ta fuskar cika, ba ta fuskar nauyi ba. Idan ɗanyu suka yi yawa, tsibin zai yi yauƙi da wari. Idan busassu suka yi yawa, zai zauna yadda aka ajiye shi har lokacin shuka.

Abin da ba a sakawa yana da muhimmanci a wannan tsari fiye da a takin da ake juyawa. Tsibin taki mai zafi yakan kai digiri 55 ko fiye, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Fangalin hawa-hawa shimfiɗaɗɗe ne, kuma a lokacin sanyi ake yin sa, don haka ba ya kaiwa wannan zafi, duk abin da aka saka masa da rai yana iya fitowa da ransa. Saboda haka kada a saka ciyawar da ta riga ta yi iri, ko saiwar ciyawa mai yaɗo, ko ganyen shukar da cuta ta kama. Kada a saka nama, ƙashi, kifi, mai, madara ko dafaffen abinci, domin suna kiran ɓeraye da karnuka. Kashin kare da na kyanwa da na mutum ba su da gurbi a nan. Haka garin katakon da aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin ƙwari, da tokar gawayin kwal, da takarda mai sheƙi ko kwalin da aka shafe da roba ko kakin zuma. Ganyen itacen da ake kira black walnut a Turance, wanda yake fitar da sinadarin da ke cutar da tumatir da danginsa, shi ma gara a ware shi. Tokar itace tana da amfani, amma tana rage tsamin ƙasa da ƙarfi, don haka barbaɗawa kaɗan ake yi, kuma a ƙasar da ba ta da tsami a bar ta gaba ɗaya.

Akwai wata matsala da ya kamata a daɗe a kanta, domin tana iya lalata aikin shekara guda ba tare da an ga alamarta ba. Waɗansu magungunan kashe ciyawa da ake fesawa a filayen kiwo da gonakin hatsi, musamman aminofiralid da kilofiralid, ba sa lalacewa a cikin dabba. Saniya ko doki ya ci ciyawar, maganin ya fito a cikin kashi da fitsari, ya zauna a cikin takin wata da watanni. Masara da sauran dangin ciyawa ba sa jin sa, amma wake da tumatir da dankali sukan nannaɗe ganye su tsumbure. Idan ba a san asalin taki ko busasshiyar ciyawar da aka samo ba, a yi gwaji kafin a zuba: a cika tukwane biyu ko uku da takin gauraye da ƙasa mai kyau, a cika wasu da ƙasar zalla, a shuka wake a cikinsu duka, a ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan mako uku zuwa huɗu, idan sababbin ganyen da ke tukwanen taki suka fito a murɗe ko a ƙanƙance alhali na sauran suna lafiya, a nisanta wannan taki daga lambu.

Shirya fili da shimfiɗa kwali

A sare ciyawar da ke wurin ƙasa-ƙasa, a bar yankakkiyar a inda ta faɗi, matuƙar ba ta yi iri ba. Ba sai an tuge ta ba. A cire duwatsu manya, da kututture, da duk wani tsiro mai itace wanda zai iya ɗaga kwali. Idan akwai ramuka, a cike su, domin kwalin ya kwanta sosai a kan ƙasa.

Ciyayi masu yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, irin su kiri-kiri da tofa da aya-aya, su ne kaɗai ba sa miƙa wuya da sauƙi, domin suna da abincin da suka ajiye a saiwa wanda zai riƙe su tsawon watanni a cikin duhu. A irin wannan fili a ciro abin da za a iya cirowa da hannu, a ninka kwali biyu ko uku, a kuma faɗaɗa shimfiɗar har ta rufe hanyoyin da ke gefe, in ba haka ba za su kutso daga waje. Ko da an yi duk wannan, waɗansu za su ɓullo, kuma maganinsu shi ne a riƙa cire kowane tsiro da zarar ya leƙo, har saiwar ta gaji.

Idan ƙasar ta daddale ƙwarai, kamar inda motoci suka daɗe suna tsayawa ko aka yi aikin gini, ba laifi a soka shebur mai yatsu a girgiza shi gaba da baya don a buɗe mata ƙofofin iska, ba tare da an ɗaga ko an kife ta ba. Sau ɗaya ake yin wannan, kuma yawancin filaye ba sa bukatarsa.

Daga nan a shayar da filin ruwa sosai. A barbaɗa ɗan taki ko ɗanyar ciyawa, kaurin santimita 2 zuwa 3, kai tsaye a kan ƙasa, domin ya jawo tana zuwa sama. Sannan a kawo kwali mai launin ƙasa, wanda aka cire wa salatif da ƙusoshin ƙarfe da takardun manne. Wannan aikin cirewa yana da gundura, amma duk salatif ɗin da aka bari za a ci gaba da tsintarsa a cikin ƙasa shekaru masu zuwa. A shimfiɗa kwalayen yadda bakin kowanne zai hau kan na kusa da shi da aƙalla santimita 15, a kuma toshe tsagar da ke tsakanin marufan kwali da wani gutsure, domin ciyawa tana gano ƙaramar kafar haske. Wanda ba shi da kwali yana iya amfani da jarida, shafi takwas zuwa goma a haɗe. A jiƙa shimfiɗar har ta yi laushi ta manne da ƙasa. Busasshen kwali yana hana ruwa sauka, kuma tana ba ta cinsa, don haka kada a ɗora komai a kansa sai ya jiƙu sharkaf.

Jera hawa-hawa

A kan jiƙaƙƙen kwalin a fara da ɗanyun kaya, kaurin santimita 5, kuma kashin dabba ya fi dacewa da wannan hawa na farko, domin naitirojin ɗinsa zai taimaka wajen cinye kwalin. A bi shi da busassun kaya, santimita 10 zuwa 15. A yayyafa ruwa. A sake zuba ɗanyu santimita 5, a sake rufewa da busassu, a sake yayyafa ruwa, a ci gaba da haka har tsibin ya kai tsayin santimita 45 zuwa 60. Zai yi kama da ya yi yawa, amma kafin lokacin shuka zai sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Waɗansu ƙananan abubuwa ne suke bambanta fangalin da ya ruɓe da wanda ya zauna kawai. Ganye masu faɗi, idan suka jiƙu, sukan manne da juna su zama kamar tabarma, ruwa ba ya ratsawa, iska ba ta shiga. A daddatse su tukuna, ko a gauraya su da kara. Ɗanyar ciyawa ma haka take, idan ta wuce santimita 5 sai ta dunƙule ta yi yauƙi. Kaya masu kauri, irin su karan masara da ƙananan rassa, a sa su can ƙasa, inda za su bar wa iska hanya kuma su sami lokaci mai tsawo. Ragowar ɗakin girki a binne su a hawan tsakiya, nesa da gefe, don kada dabbobi su ji ƙanshi. Garin katako a yi masa barbaɗe siriri, a haɗa shi da kashin kaji ko wani abu mai ƙarfi. Yana da kyau kuma a riƙa watsa 'yan tafin hannu na tsohon taki ko ƙasar lambu tsakanin hawa da hawa, domin suna ɗauke da halittun da za su fara aikin. Kada a tattake tsibin da ƙafa don ya kwanta, ruwa da nauyinsa za su kwantar da shi.

Game da ruwa, gwajin hannu ya wadatar. A damƙi kayan a matse: idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne, idan ruwa ya zubo, ya yi yawa, idan kayan suka warwatse ba su bar danshi a tafin hannu ba, a ƙara. Jiƙa kowane hawa yayin da ake jera shi ya fi a jira a gama sannan a kwarara ruwa daga sama, domin ruwan sama-sama yakan bi gefe ya gangare, ya bar tsakiya a bushe.

Hawan ƙarshe dole ya kasance na busassun kaya, ganye ko kara mai kaurin santimita 10, wanda zai rufe wari, ya hana ƙuda, ya riƙe danshi. Inda iska take da ƙarfi, a ɗora rassa ko tsohon buhun algarara ko raga a danne da duwatsu. Leda tana riƙe ɗumi da danshi, amma tana hana iska da ruwan sama shiga, saboda haka idan an yi amfani da ita a huhhuda ta, ko a riƙa ɗagawa lokaci-lokaci.

Kula da fangali cikin sanyi

Aikin da ya rage kaɗan ne, amma ya bambanta gwargwadon irin hunturun wurin. Inda dusar ƙanƙara take sauka, a bar ta a kai, domin bargo ce da ke kare tsibin daga tsananin sanyi, kuma idan ta narke ta shayar da shi. Daskarewa da narkewa a kai a kai suna farfasa jikin ganye da ɓawo, ta yadda ruɓewa take yin sauri da zarar ɗumi ya dawo. Inda hunturu yake zuwa da ruwan sama mai yawa, haɗarin shi ne tsibin ya cika da ruwa kuma sinadaran su wanke, don haka a rufe shi a makonnin da ruwan ya yi tsanani. Inda kuwa sanyin busasshe ne, mai iska da ƙura, rashin ruwa ne babban abokin gaba, kuma tsibin da ya bushe yana iya zama wata biyar bai canza ba. A irin wannan wuri a cusa hannu cikin tsakiya duk mako ko mako biyu, a shayar idan an ji bushewa, a kuma kauri lulluɓin sama.

Hanci yana ba da labari. Ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa alama ce ta lafiya. Wari mai hawa kai irin na fitsari yana nufin naitirojin ya yi yawa yana tserewa, sai a ƙara busasshen ganye. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya kore iska, sai a soka shebur mai yatsu a ɗan ɗaga kayan, a daina ban ruwa. Farin zare-zare da ake gani a jikin ganye da kwali fumfuna ce mai amfani, ba abin tsoro ba.

Lulluɓi mai kauri yana ba wa waɗansu baƙi mafaka. A wurare masu danshi dodon-koɗi da danginsa marasa ƙwanso sukan taru a ƙarƙashin kara, a wurare masu zafi kuma gara takan zo wa kwali da busasshen kara. Gara tana ruɓar da kaya tana kuma huda ƙasa, don haka a tsakiyar fili ba lallai ta zama matsala ba, amma kada a jingina fangalin da bangon gida, rumbu ko shingen katako. Idan aka ga ramukan ɓera, a daina ƙara ragowar ɗakin girki, a kuma jiƙa tsibin sosai, domin ɓera busasshen wuri yake so.

Lokacin shuka

Mako uku ko huɗu kafin shuka, a yaye lulluɓin sama a duba. Idan kayan sun zama baƙi masu ruɓushi, ba a iya gane ganye daga ɓawo, kwalin kuma ya yi laushi har yatsa yana huda shi, fangali ya nuna. Sau da yawa, musamman bayan hunturu mai tsanani, za a tarar ƙasan tsibin ya ruɓe amma samansa yana nan da sauran kara da ganye. Wannan ba gazawa ba ce, kuma kada a ɗauko shebur a gauraya shi da ƙasa, domin busassun kayan da aka binne suna sa ƙananan halittu su riƙe naitirojin ɗin da shuka take bukata, ganyenta ya yi ɗorawa. Abin da ake yi shi ne a janye abin da bai ruɓe ba zuwa hanyoyi da manjagara, a bar rana ta ɗumama fangalin, domin ƙasar da ke ƙarƙashin lulluɓi tana jinkirin yin ɗumi, sannan a shimfiɗa nunannen taki mai laushi, kaurin santimita 5 zuwa 10.

Dashe ya fi sauƙi a shekarar farko. A buɗe rami da hannu, a zuba nunannen taki cikin tafi biyu, a dasa, a danna, a shayar. Idan kwalin yana nan da ƙarfinsa kuma shukar mai zurfin saiwa ce, kamar tumatir, a tsaga shi da wuƙa a daidai ƙarƙashin ramin. Kabewa, kokwamba, tumatir, kabeji da dankali suna jin daɗin irin wannan sabon fangali. Ƙananan iri, irin su latas da karas, suna bukatar shimfiɗa mai laushi ƙwarai, kuma karas yakan yi rassa ko ya karkace idan ya ci karo da kayan da ba su ruɓe ba, don haka gara a jinkirta shi zuwa shekara ta biyu.

Idan an yi amfani da ɗanyen kashin dabba, a ƙirga kwanaki. Ƙa'idar noma ba da sinadarai ba ta Amurka ta tanadi kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin amfanin da ake ci wanda yake taɓa ƙasa, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Wanda ya jera fangalinsa a ƙarshen kaka ya riga ya cika wannan wa'adi kafin girbi, da sharaɗin bai ƙara sabon kashi a tsakiyar hunturu ko gab da shuka ba.

A makonnin farko a lura da ban ruwa, domin sabon fangali yana da sako-sako kuma samansa yana saurin bushewa kafin saiwa ta kai ga ƙasar asali. Idan shuka ta kama ta yi tsayi, a dawo da karan da aka janye a rufe gindinta. A ƙarshen wannan kakar, a yanke tsofaffin tsirrai daga gindi a bar saiwarsu a cikin ƙasa, sai dai waɗanda cuta ta kama, a shimfiɗa taki santimita 3 zuwa 5 a sama, a rufe da busasshen ganye. Ba a sake bukatar kwali sai a wurin da ciyawa mai yaɗo ta dawo, ko a sabon fangalin da za a buɗe a gefe.